Ku Yi Haƙuri 'Yan TP, Fentin Bango Ba Ya Koya Wa Yaro Karatu



Maganar da muka zo da ita yau za ta ɓata wa wasu rai, kuma cikin waɗanda za ta ɓata wa har da abokanmu da ƙannenmu na ciki ɗaya. Mun san da haka. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Magana ce a kan ɗaliban kwalejojin ilimi da na tsangayoyin ilimi na jami'o'i, waɗanda ake turawa makarantun firamare da sakandare su gwada aikin koyarwa kafin a ba su takarda, wato 'yan TP kamar yadda kowa ke kiransu.

Duk lokacin da zangon TP ya zo ƙarshe, sai hotuna su cika mana waya. Ga samari da 'yan mata sun sha anko, sun jeru a gaban bangon da suka shafa wa sabon fenti, ko allon ƙofar makaranta da suka sa aka sake rubutawa, ko kwandunan shara huɗu da damin tsintsiya. A jikin bangon an rubuta sunan kwalejinsu da shekarar da suka zo, wani lokaci har da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin hoton kuma a rubuta cewa wannan ita ce gudummawarsu ga al'umma. Mu kuma mu bi da yabo, Allah Ya saka, Allah Ya ƙaro mana irinku. Ba mu raina fenti ba, ba mu raina tsintsiya ba. Abin da muke cewa shi ne, haƙƙin da al'umma ke bin ɗan TP ba a bango yake ba. Yana cikin aji, a kan yaran da aka damƙa masa zango guda cur. Tambayar da za a auna shi da ita ɗaya ce: me yaron nan ya iya ranar da ka tafi, wanda bai iya ba ranar da ka zo?

Ga abin da ya sa muka kasa yin shiru. A hutun da ya wuce, mu 'yan ƙungiyar marubuta muka shirya zaman karatu na ranakun Asabar ga yaran wata unguwa, a harabar wata firamaren gwamnati da ba za mu kama sunanta ba. Mun je da ƙananan littattafan labarai na Hausa, da niyyar yara su karanta mu gyara musu. Wata yarinya da ta gama aji huɗu ta zo da jakarta. Muka buɗe littafin rubutunta, gwanin sha'awa. Shafi bayan shafi cike da rubutu, kowane darasi da kwanan watansa, kowane shafi an yi masa maki da jan biro. Muka nuna mata layin farko na abin da ta rubuta da hannunta, muka ce ta karanta mana. Ta yi shiru. Muka nuna mata kalma ɗaya, ta sunkuyar da kai. Muka sauko kan haruffa, ta gane wasu, wasu kuma canka take yi. Ashe duk rubutun nan zane ne. Tana kwaikwayon siffar abin da ta gani a allo, kamar mai kwafar zanen lalle. Muka tambaye ta su wa suka koya musu a zangon, ta ce Anti da Malam 'yan TP. Da muka ɗaga kai, ga sunan rukuninsu nan a bangon ajin da shuɗin fenti, ƙarƙashin taswirar Najeriya.

Kada a yi mana gurguwar fahimta. Ba 'yan TP ne suka hana yarinyar nan iya karatu ba. Shekara huɗu ta yi a makaranta, ta ratsa hannun malamai na dindindin kafin ta iso hannunsu. Laifinsu shi ne sun zauna da ita makonni masu yawa, suna yi mata maki, ba su gane ba ta iya karatu ba. Ko kuma sun gane sun kau da kai. Ko wanne ne daga cikin biyun, abin kunya ne ga wanda gobe za a kira shi malam.

Tushen matsalar yana cikin yadda ake kallon TP ɗin kansa. A wurin ɗalibin kwaleji, kwas ne kamar sauran kwasa-kwasai, yana da maki, so ake a ci a wuce. Gwaji ne. To amma a wurin yaro ba gwaji ba ne. Sau ɗaya yaro ke yin zangon farko na aji uku a rayuwarsa. In an wuce tarawa da ɗebewa bai gane ba, babu wanda zai dawo da shi baya, haka zai ɗauki ramin nan har ƙaramar sakandare. Wasu daga cikinmu a kwalejin kimiyya da fasaha muka yi difloma, mu ma an tura mu koyon aiki a ma'aikatu da kamfanoni. Wanda ya ɓata takarda a ofis, sai a yaga a sake bugawa. Wanda ya ƙona waya wajen haɗa wuta, sai a sayo wata. Wanda ya yi wata huɗu yana dumama kujera, kansa kawai ya cuta. Shi kuwa ɗan TP, kayan da yake koyon aiki da su 'ya'yan mutane ne, kuma babu kasuwar da ake sayo wa yaro sabon zango.

Mu ɗan yi lissafi. A ce aji ɗaya yana da yara 80, abin da ba ya ba kowa mamaki a makarantun gwamnati na biranenmu. A ce makaranta ta karɓi 'yan TP 10, kowa da ajinsa. Yara 800 ke nan a hannunsu. A garuruwan da ke da kwalejin ilimi kuwa, makarantun da ke kusa ba sa rabuwa da su, wannan rukuni ya tafi wancan ya zo. Sau da yawa kuma da zarar sun iso, malamin ajin zai miƙa musu alli da rajista ya koma ɗakin malamai, ko inuwar darbejiya, ko shagonsa na kasuwa. Ma'ana akwai yaran da wani babban kaso na karatunsu na firamare a hannun masu koyon aiki yake. Wannan nauyi ne, ko an faɗa wa ɗan TP ko ba a faɗa masa ba.

Kullum muna kukan yaran da ba sa zuwa makaranta. Hukumar UNICEF ta daɗe tana ambaton kimanin yara miliyan 10.5 a Najeriya, kuma mafi yawansu a Arewa suke. A 2024 gwamnatin Kano har dokar ta-ɓaci ta ayyana a kan ilimi. Amma ba kasafai muke haɗa wannan kuka da abin da ke faruwa a cikin aji ba. Uban da ya cire ɗansa daga gona, uwar da ta haƙura da tallan 'yarta, sun yi sadaukarwa ne bisa fatan yaro zai iya karanta wasiƙa da takardar asibiti. In shekara shida ta wuce yaron bai iya rubuta sunan ubansa ba, me zai sa a tura ƙanensa? Duk malamin da ya bar yaro ya fita fanko, ya ba wani uba hujjar ajiye nasa a gida. Ɗan TP yana cikin wannan lissafi.

Bari mu kira abubuwan da sunansu, tunda kowa ya san su.

Na farko, zuwa makaranta sai ranar da mai duba aiki zai zo daga kwaleji. An buɗe zaure a WhatsApp, an ajiye mutum ɗaya yana gadi. Da an hango motar malamin, ko an ji labarin yana makarantar da ke maƙwabtaka, sai saƙo ya zaga, kowa ya hau acaɓa ya iso yana haki. Darasin da za a yi a gabansa kuma an riga an bita da yara tun jiya, an zaɓi waɗanda za su ɗaga hannu, an ba su amsa. Ranar ce kaɗai ake ganin kwali mai zane da sauran kayan koyarwa. Kada ku zaci yara ba sa ganewa. Sun gane sarai, kuma darasin da suka fi ɗauka a ranar shi ne cewa aiki don idon mai duba ake yinsa.

Na biyu, kwafar shirin darasi. Ana karɓar na waɗanda suka yi bara, ko a je shagon buga takardu a saya, ko a sa manhajar waya ta rubuta, a kwafe da hannu a kai wa hedimasta ya sa hannu. Shirin darasi kuwa amfaninsa shi ne malami ya zauna ya yi tunanin yaran da ke gabansa, me suka sani, ta ina zai shigar musu, ta yaya zai gane sun fahimta. Wanda ya kwafo na wani ya tsallake ainihin abin da aka turo shi ya koya.

Na uku, cika allo da rubutu a ce yara su kwafa, malam ya zauna a bakin taga yana latsa waya, monita yana rubuta sunayen masu surutu. Irin wannan koyarwa ce ta haifi littafin yarinyar da muka ba ku labari.

Na huɗu, bulala. Matashin da bai iya riƙe aji ba, abin da ya fi masa sauƙi shi ne tsumagiya. Yaro bai gane ba a zane shi, ya makara saboda ɗebo ruwa a zane shi, ya yi Hausa a aji a zane shi. Sau tari haushin rashin kuɗin mota ne ake hucewa a kan ɗan shekara takwas.

Na biyar ya fi duka muni, kuma shi ne aka fi rufewa: 'yan TP maza da 'yan matan sakandare. Tazarar shekaru ba ta da yawa, shi yana da ashirin da biyu, ita tana da sha biyar. Sai a fara da karɓar lambar waya da sunan ƙarin bayani a kan darasi. Mu faɗa ba tare da kwana-kwana ba, wannan cin amana ne, ko da niyyar aure ce kamar yadda wasu ke fakewa. Yarinyar da makinta ke hannunka ba ta da ikon ce maka a'a cikin sakin jiki. Kuma labari ɗaya irin wannan ya isa ya sa gidaje goma a unguwa su cire 'ya'yansu mata daga makaranta.

Sai wani sabon salo, ɗaukar bidiyon yara a ɗora a TikTok. A sa yaro ya karanta Turanci ya yi kuskure, ko a ɗauki yagaggen wandonsa, a saka kiɗa a kai duniya ta yi dariya. Wa ya ba ka izini? Ubansa ya sani? In ƙanenka ne za ka yarda?

Yanzu mu saurari ɓangarenku, domin mun zauna da ku mun ji, kuma ba duk abin da kuke faɗa ne ƙarya ba.

Kun ce ba a biyan ku. Gaskiya ne. Ɗan TP shi ke biyan kuɗin motarsa, shi ke sayen kwali da maka, wani lokaci har alli. Ga tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023, wadda ta sa zuwa makaranta kullum ya zama lissafi mai zafi ga ɗan talaka. A ranar malamai ta duniya ta 2021, gwamnatin tarayya ta sanar da alawus na naira 75,000 a kowane zangon karatu ga masu digirin ilimi a jami'o'in gwamnati, da naira 50,000 ga masu NCE. Kuna da cikakken haƙƙin tambayar inda maganar ta kwana, kuma in kun tashi tambaya za ku same mu a bayanku da alƙalumanmu. Amma ku lura da wanda kuke cirewa bashin a jikinsa. Yaron aji uku ba shi ya yi alƙawari ba. Ubansa mai tura baro ne ko mai faci, ya fi ku shan wahalar gwamnatin da kuke fushi da ita.

Kun ce ba koyarwa kuka zaɓa ba, rashin samun gurbi a jami'a ne ya kawo ku. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. An yi shekaru da dama mafi ƙarancin makin da aka riƙa tsayarwa na shiga kwalejin ilimi a jarrabawar JAMB shi ne 100 cikin 400, ƙasa da na jami'a. Ƙasa ta mayar da aikin da ya fi kowane aiki buƙatar ƙwararru ya zama matattarar wanda ya rasa mafita. Wannan laifin masu tsara manufa ne. Amma mu 'yan difloma ma da yawanmu ba nan muka nufa ba, ƙaddara ce ta kai mu. Rashin zaɓi ba ya ɗauke amana. Direban da ya so zama soja bai samu ba, ba shi da izinin jefa fasinja a rami. In har ka tabbata ba za ka iya tsayawa gaban yara da gaskiya ba, mutunci shi ne ka nemi wata hanya tun da wuri, kada ka karɓi takardar da za ta ba ka aji na shekara talatin da biyar ko arba'in.

Kun ce malaman dindindin ma haka suke yi, ku da kuka zo jiya me za ku canza? In ɓera da sata, daddawa ma da wari, mun yarda. Kun tarar da makaranta ba benci, ba littafi, rufin aji ya yaye, malami yana zuwa ƙarfe goma ya tafi sha biyu. Amma ku tuna shi ma malamin nan wata rana ɗan TP ne. Shi ma ya ce bari dai ya ci makinsa, in ya samu aiki zai gyara. Bai gyara ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Halin da ka yi TP da shi, da shi za ka yi aiki. Ba kuma duk malaman dindindin ne suka lalace ba. A kusan kowace makaranta akwai wata malama ko wani dattijo da ke zuwa kafin a buga ƙararrawa, ya san sunan kowane yaro da na ubansa. Me ya sa ba shi kuke kwaikwayo ba?

A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 da ta gindaya ba. Ƙungiyar malamai ta ƙasa ta yi jayayya da yadda aka gudanar da jarrabawar, har ta kai ga yajin aiki, kuma mutum yana iya samun ra'ayinsa a kan korar da ta biyo baya. Abin da ya dame mu a nan daban ne. Duk mai riƙe da NCE a cikin waɗanda suka faɗi, ya taɓa yin TP. Wani ya zauna a bayan aji ya duba shi, ya ba shi maki, ya sa hannu cewa ya cancanta. Ƙofar da ya kamata ta tace ita ce ta bar kowa ya wuce. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce NCE ce mafi ƙarancin takardar koyarwa. An kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi a 1989, an kafa majalisar rajistar malamai a 1993. Dokoki da hukumomi ba su yi mana kaɗan ba. Abin da ya yi kaɗan shi ne mutumin da zai yi aikin ko babu mai kallonsa.

Ba haka aikin nan ya faro a ƙasar nan ba. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta horar da jajis, mata masu bin ƙauyuka suna koyar da 'yan uwansu mata, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. A zamanin boko kuma, Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 ita ta yaye Ahmadu Bello, wanda ya koyar a Midil ta Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya koyar a Midil ta Bauchi, da Abubakar Imam, wanda yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne a Bauchi da Maru, kuma shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Shehu Shagari ma da alli ya fara. Ba muna cewa zamaninsu ɗaya da namu ba. Su 'yan kaɗan ne, an zaɓo su, an ciyar da su, an ba su daraja. Tun daga shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, wanda ya sa aka buƙaci dubban malamai cikin gaggawa, yawa ya fara rinjayar inganci. Amma abu ɗaya bai canza ba. Waɗancan mutane sun ɗauki kansu a matsayin masu alhakin garinsu tun suna da shekarun da kuke da su yanzu. Ba su jira sun zama ministoci ba.

To me muke nema? Ba mu ce ku gina aji ba, ba mu ce ku gyara Najeriya ba. Abubuwa ne da ba sa cin ko sisi.

Ka zo kullum, ka zo a kan lokaci. In ba za ka samu zuwa ba, ka sanar, ka bar wa yara aiki a hannun wani. In kuɗin mota ne matsala, ka nemi a tura ka makarantar da za ka iya takawa da ƙafa, ko ku haɗa kuɗi ku hau adaidaita sahu ɗaya.

A makonka na farko, kafin ka buɗe manhaja, ka san su wa ke gabanka. Ka kira yara ɗaya bayan ɗaya, ka nuna musu haruffa, sai kalmomi, sai gajeren sakin layi na Hausa, sai ɗan lissafi. Minti biyu ko uku ya ishi kowane yaro. Ka rubuta wanda bai san harafi ba, wanda ya san harafi bai iya haɗawa ba, da wanda ke karantawa. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da ita, wato koyar da yaro daga matakin da yake ba daga ajin da aka rubuta shi ba, kuma an yi aiki da ita a wasu jihohin Arewa. Bayan nan ka ware minti goma sha biyar ko ashirin kullum ga waɗanda ke baya. Hausa tana da sauƙin koyon karatu, domin kusan yadda ake furtawa haka ake rubutawa. Yaron da ya kama ba, bi, bu, ya kama hanya. Littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato a kan wannan turba aka gina su. In ka samu irinsu a kulle a kabad ɗin hedimasta, ka roƙa a fito da su.

Ka riƙa kiran rajista da gaske, ba cike layi da biro ba. Yaron da ya ɓace kwana uku, ka tambayi abokansa, ka sanar da malamin aji da hedimasta. Wataƙila zazzaɓi ne, wataƙila talla ce, wataƙila maganar aure ake yi wa 'yar aji shida. Wani lokaci tambayar malam kaɗai ta isa ta dawo da yaro.

Ka ajiye bulala ka koyi riƙe aji da murya da tsari. Kada ka aiki ɗalibi sayo maka kati ko abinci lokacin darasi. Kada ka karɓi lambar ɗaliba, kada ka keɓe da ita. Kada ka ba da satar amsa ranar jarrabawa don a ce ajinka ya yi ƙoƙari. In ka ga abokin TP ɗinka yana bibiyar yarinya, ka yi masa magana, in bai ji ba ka kai gaba. Rufa masa asiri tona asirin 'yar wani ne.

Ranar da za ka tafi, ka sake gwada yaran nan kamar yadda ka yi a makon farko, ka miƙa wa malamin aji takardar: wane ya fara haɗa kalma, wance har yanzu tana buƙatar taimako. Wannan takarda ita ce gudummawarka ga al'umma. Kuɗin anko da na walimar bankwana kuma, in har sai an kashe, a sayi littattafan karatu a ajiye a aji.

Laifi tudu ne, don haka ba za mu taka namu mu hango na 'yan TP kawai ba. Malaman kwaleji masu duba aiki, wanda ke leƙa aji minti biyar ya ba da maki, ko ya tara ɗalibai a ofis ya duba littattafansu bai ga aji ba, ko ya karɓi ambulan na kuɗin mai, shi ne ya koya wa ɗalibi cewa abin wasa ne. A riƙa zuwa ba sanarwa, a zauna har ƙarshen darasi, a tambayi yara. Hedimastoci, ɗan TP ya zo koyo ne, ba hutu ya kawo wa malamanku ba. Malamin aji ya zauna tare da shi, ya gyara masa. Kuma ku daina sa hannu a takardar halartar wanda ba ku gani ba don ɗan wane ne. Iyaye da 'yan kwamitin kula da makaranta na unguwa, ku riƙa leƙawa. Ko ba ka yi boko ba, za ka iya cewa ɗanka ya karanta maka abin da ya rubuta yau, za ka kuma gane in yana inda-inda.

Mu marubuta ma muna da namu kason. Muna rubuta littattafai muna kukan babu masu saye, alhali masu karatun gobe suna aji huɗu ba su san harafi ba. Nawa ne a cikinmu suka taɓa rubuta labari mai shafi takwas da manyan haruffa don ɗan aji biyu? Nawa ne suka taɓa ba makarantar unguwarsu awa ɗaya a mako? Mu ma sai da muka ga littafin yarinyar nan muka farka, kuma mun makara.

Ga waɗanda ke yin TP ɗinsu da gaskiya, mun san kuna nan, mun ga wasunku. Mun ga wadda ke takowa daga nesa da kwalayen da ta yanka da hannunta, mun ga wanda ke tsayawa bayan an tashi yana bita da yara biyar. Ba ku da hotuna masu yawa, abokanku ma suna yi muku dariya wai kun ɗauki abin da zafi. Ku riƙe. Wannan rubutu kariya ce gare ku.

Ita kuma yarinyar, tana zuwa zaman Asabar har yanzu. Makon jiya ta karanta kalmar "makaranta" da kanta, gaɓa bayan gaɓa, ta ɗago tana dariya. Bai ɗauke mu wata biyu ba, mu da ba a koya mana koyarwa ba. Ku da aka koya muku, kuna da zango guda da aji guda. Masu shirin fita TP a cikinmu, da masu ƙanne da za su fita, a isar musu da wannan saƙo. Wanda kuma yake ganin mun yi masa rashin adalci, fili a buɗe yake, ya zo da hujjarsa mu saurara.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.